In fitilun tirela sun mutu

Hirarmu ta yau da direbobi ce da yaran mota.

Mota ta ɗauko albasa daga Galmi za ta Yamai. Dare ya yi, fitilun bayan tirela ba su ci. Wanda ke biye ba ya ganin komi sai ya iso kanta. Haka ake rasa rayuka. Direba, kada ka ce bari mu lallaɓa mu kai gari. Sauka gefen hanya ka duba.

Fara da kan motar. In fitilunsa suna ci, batir lafiya yake. Duba mahaɗar da wayar tirela ke shiga jikin mota. Galibi ramu 7 gare ta. Ƙura tana cika su, ruwan damina ya sa tsatsa, girgizar hanya ta sassauta su. Zare ta, ka goge, ka mayar da kyau. Sau da yawa magana ta ƙare nan.

In ba ta ƙare ba, nemi farar waya, wadda makanikai ke ce ma "mas". Wuta zagayawa take yi. Tana fita daga batir, ta shiga ƙwan fitila, ta komo ta wayar nan da ƙarfen mota. In ƙusar da ta riƙe wayar ta yi tsatsa, sai wutar ta nemi wata hanya. Shi ya sa kakan taka birki ka ga sigina ta yi ɗan haske, ko fitilu duka su dushe. Ba aljannu ba ne. Kwance ƙusar, ka kankare ƙarfen har ya yi fari, ka ɗaure tam.

Ga inda karatunka zai yi rana. Jikin ƙwan fitila akwai rubutu. Na ƙaramar mota 12V, na yawancin manyan motoci 24V. In ka sa na 12 a motar 24, nan take zai ƙone. Na birki da sigina 21W, na fitilar baya 5W.

Fis ma da lambarsa. In mai 10 ya ƙone, sa mai 10. Na sha ganin yara suna cusa takardar sigari mai ƙyalli a gurbinsa. Ku bari! Fis yana ƙonewa ne don kada mota ta kama wuta. In sabon ya sake ƙonewa, wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfe. Kashe mota, ka bi wayar da hannu har ka samu wurin, ka naɗe shi.

Kafin ka tashi, yaronka ya tsaya baya. Taka birki, kunna sigina dama da hagu, shi kuma ya faɗa maka abin da ya gani.