Kiwon Dabba a Gida da Hutawar Ma'aikaci

Sau da yawa ma'aikaci yakan tashi daga ofis ko masana'anta da yamma, ƙafarsa ta kai shi gida, amma hankalinsa yana can kan aikin da ya bari. Irin wannan mutum ko ya kwanta gajiya ba ta sakinsa, domin jiki ba ya samun cikakken hutu sai zuciya ta rabu da tunanin aiki na ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin abubuwan da suke taimakawa wajen haka shi ne hulɗa da dabbar da aka saba da ita, kamar kyanwa, ko kare, ko doki.

A shekarar 2001 wata masaniya mai suna Karen Allen, ta Jami'ar Buffalo a ƙasar Amurka, ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a kan dillalan hannun jari 48 masu fama da hawan jini, watau mutanen da aikinsu ba ya rabuwa da fargaba. An ba dukkansu magani iri ɗaya, sa'an nan aka sa rabinsu suka ɗauki kare ko kyanwa suna kiwo. Bayan wata shida maganin ya saukar da jinin kowa a lokacin da yake zaune lafiya. Amma da aka jarraba su da aikin da ke ɗaga hankali, jinin masu dabba bai hau kamar na sauran ba. Haka kuma a 2019, a Jami'ar Jihar Washinton, ɗaliban da suka yi minti 10 suna shafa karnuka da kyanwoyi an sami raguwar kotisol a yawunsu, shi ne sinadarin da jiki yake ƙara fitarwa idan mutum yana cikin damuwa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Dabba ba ta tambayar mai ita yadda ya kwashe da shugabansa, abincinta da ruwanta take jira, kuma wannan 'yar hidima takan janye hankali daga ofis. Mai kare ko doki kuwa tilas ya motsa jiki. Wanda ya taɓa ganin magidanci zaune a tsakar gida bayan la'asar yana watsa wa tantabarunsa dawa ya san irin natsuwar da ake nufi.

Duk da haka dabba ba ta maye gurbin likita. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi a 2013 cewa kada a ɗauki dabba don neman maganin ciwon zuciya kawai. Wanda albashinsa bai isa ciyar da ita ba, ko gidan hayarsa ba fili, ƙarin damuwa zai jawo wa kansa, har da rigima da maƙwabta.

Lalle ne kuma a kiyaye ciwon haukan kare, wanda da wuya a tsira daga gare shi idan alamunsa suka bayyana. A kai kare da kyanwa wurin likitan dabbobi a yi musu allurar rigakafi tun suna wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Idan dabba ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar. Mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa.