Bayani Kan Yashin Da Ake Durawa A Rijiyoyin Mai Da Iskar Gas

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, a shekarar 2022, ya kamata jama'a su sani cewa rijiyar mai kan fitar da ruwa mai gishiri tare da man. Idan ruwan ya malala, yakan ƙona amfanin gona, ya gurɓata rijiyoyin sha.

Inda dutse ya riƙe mai, injiniyoyi kan tsaga shi da ƙarfin ruwa, su dura yashi cikin tsagar domin kada ta rufe. A jihar Kansas ta Amurka aka fara gwada wannan dabara, a shekarar 1947.

Yashi ya fi araha, sai dai nauyin ƙasa kan murƙushe shi a rijiya mai zurfi, shi ya sa ake komawa ga ƙwayoyin yumɓu gasassu. Akwai kuma wanda ake shafa wa sinadari mai ƙin ruwa: mai ya wuce, ruwa ya tsaya baya. Amma idan tsagar ta kai ga matattarar ruwan ƙasa, shafin ba zai tare shi duka ba.

Saboda haka, ana shawartar hakimai da jami'an ƙananan hukumomi su riƙa tambayar kamfanoni inda ake zubar da wannan ruwa.