Wutar da Gini ke Sha Bayan An Rufe Ƙofa

[Kiɗan buɗe shiri]

  Shirinmu na yau a kan wutar lantarki ne, amma ba kukan ɗauke wuta za mu yi ba, wannan kowa ya iya shi. Maganarmu a kan wutar da ta zo ce, ta shiga gini, aka biya kuɗinta, alhali mai ginin bai san inda ta tafi ba.

Duk wanda ya san unguwar Zariya ta nan Maraɗi shekarun baya ya san yadda ta canza. Ga shaguna masu ƙofar gilashi, ga asibitoci masu zaman kansu, ga ofisoshi da gidajen saukar baƙi da ɗakunan sanyi na masu ƙanƙara. Kusan kowane bango akwai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a maƙale, bayan gini kuma gurup, wato janareta, na jiran a ɗauke wuta.

Wutar nan daga nesa take zuwa. Tun 1994 babban layi mai kilobolt 132 ke ɗauko ta daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan ta rabu, wata ta nufo Maraɗi, wata ta yi Damagaram. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Mun ɗanɗana abin da wannan ke nufi: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka datse layin a farkon Agusta, ba a mayar ba sai Maris 2024, bayan ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkumi. A watannin nan ne masu shaguna da yawa suka fara sanin nawa ne ainihin kuɗin sanyin da suke sha, domin da gazwal suke sayensa lita-lita.

[Kiɗa]

To, jama'a, ga abin mamaki. Ba a koya wa Alhajin Maraɗi lissafi. Ya san buhu nawa suka shiga sito, nawa suka fita, kuma in guda ya ɓace kafin magariba ya gano. Amma wannan Alhajin, in faktir ɗin wuta ya zo a ƙarshen wata, sai ya duba jimla, ya yi tsaki, ya biya. Takardar ta faɗa masa nawa aka sha. Ba ta faɗa masa wace na'ura ta sha ba, ko da wane lokaci, ko saboda me. Kuma sa'ad da ta iso, ɓarnar ta yi wata guda tana gudana.

Wannan giɓin ne injiniyoyi ke cikewa da sa ido a kan gini dare da rana. Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta. Bayan babban kontar na NIGELEC, sai a buɗe akwatin da wayoyin gini ke rabuwa, a maƙala wa kowace babbar waya wani ɗan awo mai kama da zobe, ba tare da an yanke ta ba: guda a layin kilim, guda a na firigo, guda a na fitilu, guda a na famfon ruwa. Kowane minti 15 awon yana rubuta abin da ya wuce, ya aika zuwa kwamfuta ko wayar hannu. Bayan mako biyu sai ginin ya fito da halinsa a zane: lokacin da yake tashi, lokacin da yake cin wuta sosai, da lokacin da ya kamata a ce ya yi barci.

Wurin barcin nan ne za mu daɗe a kansa, domin nan kuɗi ke zurarewa. Mako guda awa 168 ne. Ofis yana aiki kamar awa 45 a ciki. Ke nan kusan kashi uku cikin huɗu na lokaci ba kowa a ginin sai maigadi. Abu na farko da mai sa ido ke dubawa shi ne ƙarfe uku na dare: me ginin ke sha a lokacin? In asibiti ne, dole firigon magani ya kwana a kunne, ba gardama. In kuwa ofis ne aka ga layin bai sauka ba, akwai magana. Mu yi lissafi mai sauƙi. Kilim matsakaici yana jan kamar kilowat guda a awa. A bar shi kunne daga tashin aiki ranar Juma'a zuwa safiyar Litinin, ya fi awa 60 yana sanyaya kujeru da takardu. A ninka wannan sau huɗu a wata, a ninka da yawan ɗakunan da aka manta. A faktir ba za ka taɓa ganin wannan ba, ya narke cikin jimla. A zanen kuwa yana nan tsaye kamar yatsa.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, wato na'urar da ba ta mutu ba amma ba ta da lafiya. Mu nan ƙura ce babbar abokiyar gaba. Iskar hunturu ta cika matatar kilim da ƙura, ta toshe raga ta waje inda zafi ke fita. Sai bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40. Injin ya yi ta aiki ba hutu, sanyi kaɗan, wuta da yawa. Ma'aikaci kuma da ya ji ɗaki bai yi sanyi ba sai ya ɗauki rimot ya kai shi 16, yana zaton hakan zai hanzarta. Ba ya hanzarta komai, yana hana injin tsayawa ne kurum. Haka firigon mai ƙanƙara da robar ƙofarsa ta saki, ko wanda aka manna da bango har iska ba ta zagaya bayansa. Kunne ba ya jin wannan lalacewa, ido ba ya ganinta, domin a hankali take zuwa. Amma in kana da awon bara a wata irin wannan, ka aza na bana a kai, bambancin zai fito, sai ka kira mai gyara tun kafin kwamfireso ya ƙone.

Gurup ma yana da nasa. Litar gazwal guda tana ba da kamar kilowat 3 in injin yana ɗauke da kayan da suka dace da shi. Babban gurup da aka tayar don fanka biyu da fitilu yana ƙone mai a banza, yana kuma lalata kansa. Masu manyan gine-gine da ke da taransifoma nasu kuwa, akwai iyakar ƙarfin da suka yi yarjejeniya a kai, kuma in komai ya tashi lokaci guda da safe aka zarce ta, za a gani a faktir. Raba lokacin kunna na'urori da 'yan mintoci kan magance wannan, ba tare da an sayi ko ƙusa ba.

[Kiɗa]

Mu leƙa waje kaɗan. Hukumar makamashi ta duniya ta bayyana a 2018 cewa kilim da fanka na cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da gine-gine ke sha a duniya. Indiya, ƙasar zafi irin tamu, ta wajabta daga Janairu 2020 cewa kowane sabon kilim ya fito daga kamfani a saite a kan 24, domin hukumarta ta lissafa cewa ɗaga saitin da maki guda na rage wajen kashi 6 cikin 100 na wutar da yake sha.

A Amurka kuma, cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ta bi gine-gine sama da 6,000 tsakanin 2016 da 2020. Waɗanda suka sa na'urar nuna alƙaluma kawai sun rage kamar kashi 3 cikin 100. Waɗanda na'urarsu ke gano matsala ta nuna a gyara sun rage kamar kashi 9, kuma kuɗin da aka kashe ya dawo cikin shekara biyu. A ganina darasin yana tsakanin 3 ɗin nan da 9. Kallon allo ba ya rage wuta. Sai an sami mutum da aka ɗora wa aikin, wanda ke da ikon cewa a kashe wancan, a wanke wannan. In na'ura ta aiko gargaɗi zuwa wayar da mai ita yake Kano wajen saro kaya, ba a kuma bar wa kowa umarni ba, to a rashin kira karen bebe ya ɓata.

Saboda haka in wani ya zo muku da tallar na'ura mai tsada, ku fara tambayarsa wa zai riƙa dubawa, kuma in intanet ta yanke ko wuta ta tafi, ina alƙaluman ke zama. Mai ƙaramin shago ma ba ya bukatar sayen komai tukuna. Littafi da biro sun isa. A rubuta lambar kontar lokacin rufewa, a sake rubutawa lokacin buɗewa. Bambancin shi ne wutar dare. Mai kontar na kati abin ya fi masa sauƙi, tunda ragowar kilowat na nan a rubuce. Mutumin da ya fi dacewa da wannan aiki sau da yawa maigadi ne, shi da ke jin kukan kowace na'ura da dare, amma ba a taɓa tambayarsa. In an sami ragi, a ba shi goronsa.

Kafin mu rufe, mu gangara Jiratawa, inda gonakin ban ruwa na hukumar ONAHA ke ba mu zogale da kayan lambu. Can ba kilim ake fama da shi ba, famfunan lantarki ne ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, kuma kuɗin wutar a wuyan manoma yake ta hanyar ƙungiyoyinsu. Famfon da yashi ya ci yana ci gaba da shan wutarsa, ruwan da yake fitarwa ne ke raguwa. Tambayar da ta dace a yi wa kowace rijiya ita ce: kilowat nawa ta sha kafin ta ba da ruwa mita-kubik guda? Wanda ya rubuta wannan wata-wata zai san famfon da za a fara cirowa a gyara.

Masu shirin ɗora faifan sola a kan rufi, a Zariya ne ko a Tibiri, ku auna tukuna na wata guda ko biyu kafin ku je kasuwa. Wanda ya sayi batir gwargwadon faktir ɗinsa na yanzu, har wutar daren da ba ya bukata ya saya wa batir. In kuma an ɗora, a ci gaba da duba abin da faifan ke bayarwa kullum, domin ranar da lambar ta fara sauka alhali rana na nan, ƙura ce ta zauna, sai a hau da ruwa da tsumma tun da sanyin safiya.

Nan za mu dakata a shirin yau. Mu kwana lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]