Rabuwa da mamaci: Abin da tsofaffin gajerun labarai uku suka gano

Binne mamaci aikin yini ɗaya ne, amma sakinsa daga zuciya kan ci shekaru. Marubuta uku, daga Amurka da Ingila da Rasha, sun bi sawun waɗanda aka bari a baya bayan jama'a sun watse daga maƙabarta.

A shekarar 1930 William Faulkner ya wallafa A Rose for Emily, labarin wata mata a garin Jefferson da ke jihar Mississippi. Da mahaifin Emily ya rasu, kwana uku ta yi tana musun mutuwarsa kafin ta bari a ɗauki gawar. Daga bisani ta sayi guba, kuma masoyinta Homer Barron ya ɓace. Da wari ya fara tashi daga gidanta, babu wanda ya iya tunkararta. Cikin dare wasu maza suka lallaɓa suka barbaɗa farar ƙasa a harabar. Sai bayan ta mutu tana da shekara 74 aka ɓalle wani ɗaki da ya shekara 40 a rufe, aka tarar da ƙwarangwal ɗin Homer a kan gado, ga kuma silin furfura a kan matashin da ke gefensa. Emily ta ƙi sakin matacce, garin kuwa ya ƙi yi mata magana.

W. W. Jacobs, a labarinsa The Monkey's Paw na 1902, ya ɗauko wata fuskar. Wani tsohon soja ya kawo wa iyalan White busasshen hannun biri daga Indiya, mai biyan buƙata uku. Maigidan ya roƙi fam 200. Washegari inji ya kashe ɗansu Herbert a wurin aiki, kamfanin ya aiko da fam 200 cif. Kwana goma bayan rasuwar, uwar ta matsa wa mijinta ya roƙi dawowar ɗan. Cikin dare aka fara buga ƙofa. Uban, wanda ya ga yadda injin ya dagargaza gawar, ya yi roƙo na uku kafin matarsa ta zare sakata. Da ta buɗe, titi wayam. Ƙauna ce ta sa uwar ta kira ɗanta, ƙauna ce kuma ta sa uban ya mayar da shi.

Na ukun shi ne mafi sauƙi kuma mafi ciwo. Anton Chekhov, likita ɗan Rasha, ya buga Toska, wato ƙunci, a 1886. Iona Potapov mai keken doki ne a birnin Saint Petersburg, ɗansa Kuzma ya rasu a wannan makon. Ya yi ƙoƙarin gaya wa wani hafsan soja da ya ɗauka, da wasu samari uku, da wani mai gadi, kowa na ta kansa. Wani matashi abokin sana'arsa ma barci ya ɗauke shi. A ƙarshe Iona ya nufi barga ya zayyana wa goɗiyarsa komai, tana tauna ciyawa.

Iona ya amince ɗansa ya tafi. Abin da ya rasa shi ne mai saurare, wanda zai ji yadda ciwon ya fara, da abin da yaron ya faɗa, da yadda aka yi jana'iza.

Duk wanda ya taɓa ratsawa gidan makoki tsakanin taro biyu, ya yi "Allah Ya jiƙan rai" ya koma ofis, ya san irin gaggawar fasinjojin nan. Zaman makoki na kwana uku kan ƙare, abokin aiki ya dawo teburinsa, a ɗauka ya warware. Sau da yawa a lokacin ne yake neman wanda zai zauna ya tambaye shi yadda aka yi.