Bindiga ko alli: gardamar da ba ta ƙarewa kan kasafin kuɗin Nijar

Duk shekarar da aka fitar da kasafin kuɗin ƙasa, gardama ɗaya ce ke dawowa a fadojin matasa, tashoshin mota da gidajen rediyo: nawa aka ware wa soja, nawa ya rage wa makaranta, asibiti da gona? Baitulmali ɗaya ne, kuma duk dalar da ta tafi wani ɓangare, wani ɓangaren ne ya rasa ta.

Yadda kason tsaro ya kumbura

Rushewar mulkin Kaddafi a Libiya a 2011 da rikicin arewacin Mali a 2012 ne suka fara sauya lissafin Nijar. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa. Daga baya wutar ta koma yamma: sojoji 71 suka kwanta dama a Inates a Disamban 2019, wasu 89 a Shinagodar a Janairun 2020. Tsohon shugaban ƙasa Issoufou Mahamadou ya sha faɗin cewa tsaro na cin sama da kashi 15 cikin 100 na kasafi. A ƙarshen 2020 gwamnati ta bayyana aniyar ninka yawan sojoji daga dubu 25 zuwa dubu 50 cikin shekaru biyar.

Ɗaukar soja ba sayayyar rana ɗaya ba ce. Bayan bindiga da kaki akwai albashi duk wata, abinci, man mota, jinyar wanda ya ji rauni da kulawa da iyalin wanda ya rasu. Kuɗi ne da ake biya shekara bayan shekara, ko an samu damina ko ba a samu ba.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara nauyin. Takunkumin CEDEAO da dakatar da tallafin ƙetare sun sa hukumomi rage kasafin wannan shekarar daga miliyar 3,291 na Sefa zuwa miliyar 1,981. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka a 2024. Don cike giɓi aka kafa asusun FSSP a Oktoban 2023, wanda ke samun kuɗi daga gudummawar jama'a da kuma abin da ake cirewa a kan kiran waya, man fetur da tikitin tafiya. Ke nan ko mai tallar goro, in ya buga waya, ya sa hannu a kuɗin yaƙi.

Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa tsaro ne kan gaba suna da abin nunawa. A jihar Tilaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda barazanar 'yan bindiga. A Tilliya ta jihar Tawa an kashe mutane 137 rana guda a Maris na 2021. A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji satar shanu da garkuwa da mutane sun hana manoma da dama zuwa gonakin nesa. A cewarsu, ajin da malami ya gudu ya bari ba ya amfanar kowa, komai kyan gininsa.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa ƙungiyoyin malamai, na ma'aikatan lafiya da na farar hula, na tunatar da alƙawuran da ƙasashen Afirka suka ɗauka: kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya a Abuja a 2001, kashi 10 ga noma a Maputo a 2003. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma dubban azuzuwa har yanzu na zana ne. A 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afrilu, sannan a Maradi cikin Nuwamba, yara sama da 40 suka rasu a gobarar biyu. Hujjarsu ita ce, saurayin da bai yi karatu ba, ba shi da sana'a, shi ne mafi sauƙin saye ga masu ɗauke da makamai. Rage kason makaranta yau, ƙara kason soja ne gobe.

Tambayar da ta fi yawan kaso muhimmanci

Akwai abin da ya kamata ɓangarorin biyu su haɗu a kansa: shin kuɗin da aka ware na isa inda aka nufa? Binciken da sufetocin soja suka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito fili a 2020, ya nuna asarar kimanin miliyar 76 ta hanyar ƙara farashin kaya da kuma kayan da aka biya ba a kawo ba. Mai gabatar da ƙara ya rage adadin daga baya, amma fushin jama'a ya kai ga zanga-zangar 15 ga Maris na 2020 a Yamai, inda mutane uku suka rasu. A ƙaddara aji ɗaya na siminti zai ci miliyan 10, miliyar 76 azuzuwa 7,600 ne. Kuɗin bai zama aji ba, bai kuma zama harsashi a hannun sojan da ke bakin daga ba.

Tun bayan juyin mulki babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki da za ta tattauna kasafi. An kafa hukumar COLDEFF don kwato dukiyar ƙasa, amma wata dokar Fabrairun 2024 ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da aka saba. Hukumomi na ganin yaƙi na buƙatar sauri da sirri. Masu suka na cewa a irin wannan duhun ne ɓarnar baya ta faru.

Ba wanda ke neman a bayyana wa maƙiyi inda aka girke dakaru ko irin makaman da aka sayo. Abin da ake nema shi ne wata hukuma mai zaman kanta da za ta duba takardun sayayya, ko da a asirce, ta kuma gaya wa jama'a ko lissafi ya daidaita. Mahaifin soja da mahaifin ɗan makaranta, sau da yawa mutum ɗaya ne, kuma daga aljihunsa kuɗin ke fitowa.