Zaɓen inji da na'urar daidaita gudu a tseren ƙananan motocin rediyo

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba motocin lantarki da ake sarrafawa daga nesa, masu girman kashi 1/10 na motar gaske, irin waɗanda ake tsere da su a ƙarƙashin ƙungiyar IFMAR, wadda aka kafa a 1979. Abin da muke son nunawa shi ne, injin da ya fi gudu ba lalle ne ya ci tsere ba. Dacewar inji da na'urar daidaita gudu (variateur) da batir ita ce ke yanke hukunci.

2. Inji

Tsofaffin injuna suna aiki da gawayi mai gogar curin inji, wanda ke cinyewa. Tun shekarun 2000 injuna marasa gawayi suka maye gurbinsu. Ana auna su ta fuska biyu. Ta farko ita ce yawan naɗin waya: idan naɗi ya ragu, juyi ya ƙaru, shan wuta da zafi su ma su ƙaru. Don haka mai naɗi 13,5 ya fi mai 17,5 gudu. Ta biyu ita ce Kv, wato juyi a minti ga kowane volt. Misali, inji mai Kv 3500 a kan batir LiPo mai 7,4 volt zai yi kimanin juyi 25 900 a minti idan babu kaya.

3. Na'urar daidaita gudu

A da ana rage gudu da abin tare wuta, wanda ke mayar da rarar ƙarfi zafi. Na'urar zamani tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ta hanyar transistoci, asara ta ragu. Kowace na'ura tana da iyakar amper da mafi ƙarancin naɗin da za ta iya ɗauka. Wanda ya ƙetare iyakar, na'urarsa ta ƙone. Haka kuma, inji mai ma'aunin matsayin curi ya fi tashi a hankali wajen fita daga kwana.

4. Kammalawa

Tsere yakan ɗauki minti 5. Idan inji ya yi zafi fiye da kima, maganaɗisunsa ya raunana, sai a rage haƙoran ƙaramin giya. Saboda haka muna ganin a fara da dokar ajin tsere da yanayin fili, sannan a zaɓi inji, daga bisani na'urar da ta fi ƙarfin buƙatarsa.