Yadda raba ɗalibai zuwa ƙananan rukunoni ke inganta karatu a jami'a

A jami'o'in Najeriya da dama, musamman a darussan shekarar farko, ɗaruruwan ɗalibai ne ke cika ɗakin lacca ɗaya, malami na bayani, su kuma suna rubutu. Ɗalibin da bai fahimta ba, galibi sai a jarrabawa ake gano shi. Raba aji zuwa ƙananan rukunoni na daga cikin hanyoyin magance wannan matsala, amma nasararsa ta dogara ne ga yadda aka yi rabon.

A ƙarshen shekarun 1970, Larry Michaelsen, malami a Jami'ar Oklahoma da ke Amurka, ya wayi gari ajinsa ya ƙaru daga ɗalibai 40 zuwa 120. Sai ya raba su rukuni-rukuni. A tsarin da ya samo asali daga nan, kowane rukuni na ɗauke da mutum biyar zuwa bakwai, kuma malami ne ke haɗa su, yana gauraya masu ƙwazo da masu rauni. Kowane ɗalibi kan amsa gajeren gwaji shi kaɗai, sannan rukunin ya sake amsa tambayoyin tare.

Kafin wannan, a 1971, masanin halayyar ɗan Adam Elliot Aronson ya gwada wata hanya a makarantun birnin Austin na jihar Texas, inda aka fara haɗa yara farare da baƙaƙe a aji ɗaya. Ya rarraba darasi kashi-kashi, kowane yaro ya ƙware a kashi guda, ya koya wa 'yan rukuninsa. Ta haka kowa ya zama yana buƙatar kowa. Daga baya jami'o'i suka rungumi hanyar.

Masana sun sha bamban kan sauya rukunoni. Tsarin Michaelsen na barin rukuni ɗaya har ƙarshen zango, domin amana ba ta ginuwa a rana ɗaya. Wasu malaman kuwa na sauya su lokaci-lokaci, don ɗalibi ya saba aiki da mutane daban-daban. Ana iya haɗa biyun: rukuni na dindindin don babban aikin zango, da rukunonin wucin gadi don tattaunawar cikin aji.

Babban ƙalubale shi ne ci-ma-zaune, wanda zai sa suna a takarda alhali bai taɓuka komai ba. Maganinsa shi ne a ware maki ga aikin kowane ɗalibi, a kuma ba 'yan rukuni damar auna gudummawar juna.

Wannan na da muhimmanci a Najeriya, inda aji ɗaya ke tara 'yan jihohi, harsuna da addinai mabambanta. Idan aka bar wa ɗalibai zaɓi, kowa zai nufi ɗan garinsu ko abokin ɗakinsa. Idan malami ya yi rabon, ɗan Sakkwato da 'yar Inugu za su zauna kan tambaya ɗaya har su cimma amsa.